Ƙiba da Yawan Loma a Ciwon Suga: Martani ga Masu Cewa Sauya Hatsi Ya Wadatar

Ciwon suga nau'i na biyu, wanda shi ne ke jikin kusan tara cikin kowane mutum goma masu wannan larura, yakan fara aikinsa shekaru kafin mai shi ya soma jin ƙishirwa da yawan fitsari. Duk abincin da ke da sitaci ko zaƙi, idan ya isa hanji, narkewa yake yi ya koma gulukos ya shiga jini. Akwai wata gaɓa kwance a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ce ke fitar da sinadarin insulin, shi kuma ya buɗe wa gulukos hanya ya shige tsoka da hanta. Idan cutar ta fara kama jiki, tsoka da hanta sukan daina amsa kiran insulin yadda ya kamata, sai fankiriyas ta yi ta ninka aikinta har ta gaza, suga kuma ya soma taruwa a jini. Ana tabbatar da cutar ne idan awon jinin safe kafin karin kumallo ya kai 126 a ma'aunin miligiram, wato 7.0 a ma'aunin milimol. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da cutar, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su san suna da ita ba.

A kan wannan cuta ne wani marubuci ya yi doguwar maƙala yana kafa hujjoji uku. Ta farko, ƙiba ba ta da hannu a ciwon suga, domin a ganinsa cutar gado ce, kuma duk wanda ya san mai ciwon suga ya san ramewa yake yi. Ta biyu, abin da ake bukata kawai shi ne sauyi: a bar shinkafa a koma alkama da acca, a bar sukari a koma zuma, sannan mutum ya ci ya ƙoshi abinsa. Ta uku, ɗaci ne maganin zaƙi, saboda haka wanda ya lizimci ruwan shuwaka da garafuni da ganyen darbejiya zai iya ajiye ƙwayoyin asibiti. Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Abin da ya rubuta shi ne abin da ake faɗa a majalisu da gidajen suna da layin ganin likita, kuma hakan ne ya sa ya cancanci amsa dalla-dalla.

Akwai inda ya yi gaskiya. Gado na da ƙarfi a wannan cuta. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ita ya fi wani kusa da kamuwa. Farar shinkafa kuma lallai tana ɗaga suga da sauri. Matsalar ita ce ya tsallake abu biyu da bincike ya fi tabbatarwa, wato kitsen da jiki ya tara da kuma yawan abin da ke shiga ciki, ya rungumi abin da ya fi sauƙin yi.

Gado da ƙiba

Da gado ne kaɗai ke yanke hukunci, da al'umma mai jini ɗaya za ta kamu da cutar daidai wa daida ko ina take zaune. Ba haka abin yake ba. Ƙabilar Pima ta kasu gida biyu: wasu na zaune a jihar Arizona ta Amurka, wasu a tsaunukan arewacin Meziko suna noma da hannu. Binciken da aka wallafa a 2006 ya samu cutar a jikin kashi 38 cikin ɗari na manyan Pima na Arizona, alhali a wajen 'yan'uwansu na Meziko ba ta kai kashi 7 ba. Asali ɗaya ne, abinci da aikin jiki da nauyi ne suka bambanta. Misali mafi kusa da gida shi ne na 'yan Gana. Wani bincike da aka fitar a 2016 ya gwada mazauna ƙauyukan Gana da mazauna biranenta da kuma waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amsterdam da Balin da Landan. A ƙauye cutar ba ta kai kashi 6 cikin ɗari ba, a biranen Gana ta kai kusan kashi 10, a tsakanin mazan da ke Balin kuma ta haura 15. Ƙiba ma haka ta bi wannan layi tana hawa. Gado yana nuna wanda ke cikin haɗari, amma yadda ake rayuwa ne ke sa cutar ta fito da wuri, ko ta makara, ko ma ta ƙi fitowa.

Hujjar cewa masu ciwon suga ramewa suke yi ta fi kowace ruɗar mutane, domin ido na ganin hakan. Sai dai marubucin ya ɗauki sakamako ya mai da shi dalili. Idan suga a jini ya haura kimanin 180, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya riƙa zuba cikin fitsari yana jan ruwa tare da shi. Abincin da mutum ya ci yana fita ta nan ba tare da jiki ya amfana ba, jikin kuma ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Wannan ita ce ramar da ake gani, kuma alama ce ta cewa cutar ta daɗe ba a kula da ita ba. Da za a tambayi iyalan mai irin wannan rama yadda jikinsa yake shekara biyar ko goma da suka wuce, sau da yawa za a ji mai teɓa ne. Akwai bambanci mai girma tsakanin wannan rama ta cuta da rage nauyin da mutum ya yi da niyya yana lura da sugansa.

Abin da ya fi nauyin jiki gaba ɗaya muhimmanci shi ne inda kitsen ya kwanta. Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle a Ingila ya shafe shekaru yana ɗaukar hoton hanta da fankiriyas na masu cutar, kuma bayaninsa shi ne kowane jiki yana da iyakar kitsen da zai iya ajiyewa a ƙarƙashin fata lami lafiya. Kamar rumbu ne: wani babba, wani ƙarami, amma kowanne idan ya cika, abin da aka ƙara zubewa zai yi inda bai kamata ba. A jikin mutum, wurin da yake zubewa shi ne hanta da fankiriyas. Hanta mai kitse takan yi ta sakin suga cikin jini har da dare, mutum na barci bai ci komai ba, fankiriyas mai kitse kuma aikinta ya ragu. Wannan ne ya sa ake samun mai jiki sosai da ba shi da cutar, a kuma samu matsakaicin mutum mai ɗan tumbi da ta kama shi. A 2011 Taylor ya sa mutum 11 masu cutar a kan abinci ƙanƙani na mako takwas. Cikin mako na farko kitsen hantarsu ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, sugansu na safe kuma ya dawo daidai.

Mutum goma sha ɗaya ba su isa hujja ba, amma manyan gwaje-gwaje sun zo da abu guda. Tun 1986 aka fara ɗaya a birnin Da Qing na ƙasar Sin da mutum 577 waɗanda sugansu ya fara hawa bai kai matakin cuta ba, kuma bayan shekara shida waɗanda aka gyara wa abinci ko aka sa motsa jiki sun fi sauran tsira nesa ba kusa ba. A 2001 Finlan ta fitar da nata sakamakon a kan mutum 522: haɗarin kamuwa ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. A 2002 Amurka ta fitar da mafi girmansu, mai mutum 3,234, kusan kashi ɗaya cikin biyar baƙar fata. An kasa su uku: wasu aka ba su ƙwayar metformin, wasu ƙwayar da ba magani a cikinta, wasu kuma aka nemi su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su riƙa tafiyar sauri ta minti 150 a mako. Cikin kimanin shekara uku metformin ta rage kamuwa da kashi 31, rage nauyi da tafiya kuwa suka rage da kashi 58, a wajen 'yan sama da shekara 60 ma har kashi 71. Da aka sake duba alƙaluman, an ga kowane kilo ɗaya da mutum ya sauke ya rage masa haɗarin da kimanin kashi 16. Kashi 7 ɗin nan ba wani abin tsoro ba ne: ga mai kilo 90, kilo shida ne da ɗan ɗoriya.

Ga waɗanda cutar ta riga ta kama ma akwai magana. A ƙarshen 2017 Taylor da Farfesa Mike Lean na Jami'ar Glasgow suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da kusan mutum 300 a ƙananan asibitocin Sikotilan da arewa maso gabashin Ingila, duka waɗanda cutar ba ta wuce shekara shida a jikinsu ba kuma ba sa allurar insulin. Rabinsu aka sa su a kan abinci mai kimanin kalori 850 a rana na wata uku zuwa biyar, sannan aka maido musu da abinci a hankali. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin ɗari na wannan rukuni sugansu ya sauka ƙasa da matakin cuta ba tare da magani ba, a ɗaya rukunin kuwa kashi 4 ne kawai. Abin lura shi ne yadda nasarar ta bi yawan nauyin da aka sauke taki-taki: cikin waɗanda suka ƙara nauyi babu ko ɗaya, cikin masu sauke kilo 5 zuwa 10 kashi 34, masu kilo 10 zuwa 15 kashi 57, masu kilo 15 zuwa sama kuma kashi 86. Wanda ya ce ƙiba ba ta da hannu a cutar, wajibi ne ya bayyana waɗannan alƙaluma.

Adalci ya sa a faɗi iyakar abin. Lafawa ce aka samu, ba warkewa ba. A shekara ta biyu adadin ya sauka zuwa kashi 36, kuma wanda nauyinsa ya dawo, cutar kan dawo tare da shi. An kuma yi gwajin ne a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya da ke daidaita maganin suga da na hawan jini, don haka ba abin da mutum zai kwaikwaya shi kaɗai a gida ba ne. Wani babban gwajin Amurka mai mutum 5,145 da aka dakatar a 2012 ya nuna rage nauyi ya gyara suga ya rage bukatar magani, amma bai rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki yadda aka yi fata ba. Ke nan lura da hawan jini da barin taba suna nan a matsayinsu.

Awon wannan kitse mai haɗari ba ya bukatar na'ura. A yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ta a cikinsa ɗan sama da cibiya. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, faɗin ƙugu ya wuce rabin tsawo, kitsen ciki ya yi yawa. Da tef ɗin tela kuma, iyakar da aka fi amfani da ita ita ce santimita 94 ga namiji, 80 ga mace. Wannan ya fi sikeli faɗin gaskiya ga 'yan asalin Afirka, waɗanda cutar kan kama su a nauyin da bai kai na Turawa ba. Akwai kuma abin da marubucin bai ambata ba alhali yana yaba ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata: ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da 'yan mata da amare ke saye ba tare da takardar likita ba. Da yawansu na ɗauke da deksametason, maganin da ke tara kitse a fuska da ciki, yake kuma ɗaga suga kai tsaye. Yaba ƙiba a wurin da ake sayar da irin wannan ƙwaya a fili ganganci ne.

Sauya hatsi da zuma

Shinkafa, alkama, acca, gero, dawa da masara duk dangi ɗaya ne ta fuskar sitaci: a kowane giram 100 na busasshiyar ƙwayarsu akwai tsakanin giram 60 zuwa 80, kuma duk gulukos suke komawa. A 1981 David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto suka fito da hanyar auna saurin da kowane abinci ke ɗaga suga, inda aka ba tsantsar gulukos maki 100. A jadawalin da aka tattara daga baya, dafaffiyar farar shinkafa ta samu kimanin 73, farin burodi 75, burodin alkamar da ba a cire wa dusa ba 74, kunun gero 67. Wake da danginsa ne suka yi nisa da sauran, suna ƙasa da 35. Tazarar da ke tsakanin farin burodi da na alkama maki ɗaya ce tak, domin da zarar inji ya niƙe ƙwaya ta zama gari mai laushi, hanji ba ya shan wahalar narkar da ita. Dusar alkama na da amfaninta ga hanji da zuciya, ba a musun wannan. Amma wanda ya bar malmala ɗaya ta tuwon shinkafa ya koma cin malmala biyu ta tuwon alkama, yana ganin ai na masu suga ne, ya ninka sitacin da yake ci. An gudu ba a tsira ba. Ko da an yarda cewa acca ta fi shinkafa jinkirin narkewa, wannan 'yar rata ba ta iya ɗaukar nauyin ƙarin faranti.

Wannan shawara tana da wata illa ta aljihu. Alkama da acca sun fi gero da dawa tsada a yawancin kasuwanni, sai magidanci mai ƙaramin ƙarfi ya kashe kuɗin da ya kamata ya sayi magani ko ƙwai ko kifi a kan hatsin da bai bambanta da na rumbunsa ba. Geron da ba a surfe shi tas ba, aka ɓarza shi aka yi burabusko ko dambu da zogale mai yawa, ya fi lallausan garin alkama dacewa da mai cutar. Yadda aka sarrafa hatsi na da tasiri sosai: ɓarzajje ya fi niƙaƙƙe, mai tauri ya fi mai ruwa. Koko da kunun da aka tace gasararsu suna saurin shiga jini, ko da ba a zuba sukari ba, balle an zuba. Fura ma haka take. Nonon ba shi da laifi, yawan furar da sukarin da ake damawa da shi ne abin dubawa.

Batun zuma na bukatar a yi shi da natsuwa, domin tana da daraja a addini da al'ada, kuma ba wanda ke musun amfaninta. Amma kasancewar abu magani ba ya ɗauke masa ƙa'idar awo. Kusan kashi 80 cikin ɗari na zuma sukari ne, gulukos da furuktos, ragowar galibi ruwa. Babban cokali ɗaya na ɗauke da kimanin giram 17 na sukari, wato ya fi ƙaramin cokali huɗu na sukarin shayi. A jadawalin da aka ambata zuma ta samu 61, sukari 65. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace cikin sukarin da ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abincin yini, ta kuma ce ya fi kyau a tsaya ƙasa da kashi 5, kimanin giram 25 ko ƙaramin cokali shida. Wannan iyaka ta mai lafiya ce. Mazarƙwaila da rake hukuncinsu ɗaya da sukari. Dabino busasshe kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Ƙwaya ɗaya zuwa uku ba damuwa, cin hannu guda kuwa wata magana ce.

Inda sukari ya fi yin ɓarna shi ne abin sha, kuma maƙalar ba ta ce komai a kai ba. Gorar lemo ta rabin lita kan ɗauki kusan giram 50 na sukari, ninki biyu na iyakar yini ke nan a zama ɗaya. Lemon malt da ake kai wa marar lafiya dubiya ba ya kasa haka a zaƙi. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na sayarwa, da shayin mai shayi da ake zuba wa madarar gwangwani mai zaƙi a haɗa da rabin burodi, duk suna shiga jini ba tare da sun cika ciki ba, sai mutum ya sha su ya kuma ci abincinsa cikakke. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi da Najeriya ta sa a dokar kuɗi ta 2021 amincewa ce da wannan haɗari, ko da yake ya yi ƙanƙantar da ba zai sauya halin mai saye ba. Zoɓon da aka dafa da citta da kanumfari ba sukari, da ruwa, da nono tsantsa, su ne mafita mai araha.

Mai ba ya ɗaga suga nan take, shi ya sa ake mantawa da shi, amma shi ne ya fi kowane abinci tara nauyi. Giram ɗaya na mai na da kalori 9, na sitaci 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu ya kai kusan kalori 120. Wake abinci ne mai kyau ƙwarai ga mai suga, amma ƙosan da ya sha mai ba ɗaya yake da alale ko dafaffen wake ba. Haka waina da funkaso da soyayyar doya da miyar da mai ke yawo a kanta.

Tsarin da masana abinci suka fi ba da shawara a kai mai sauƙi ne: rabin faranti ganye da kayan lambu, rubu'i abin gina jiki, rubu'i tuwo ko shinkafa ko doya. A ƙasar Hausa rabin nan ba shi da wuyar cikawa. Ga zogale da rama da tafasa da yakuwa da alayyafo da lansir da kabeji da yalo da kuɓewa, ga kwaɗon da ake yi da ƙuli-ƙuli, ga miyar kuka. Rubu'in gina jiki kuma wake ne, ko awara, ko ƙwai, ko kifi, ko nama marar kitse. Tuwon kada ya wuce girman dunƙulen hannun mai ci, miyar ta fi shi yawa. Lemon zaƙi da gwaba da gwanda a ci su haka nan maimakon a matse ruwansu, mangwaro kuma ɗaya ya isa ko da kakarsa ce. A gidan da ake haɗa hannu a tire ɗaya, ya kamata a zuba wa mai cutar nasa a kwano daban, domin ba ya iya sanin abin da ya ci idan loma na bin loma cikin hira. Ba a bukatar ɗora masa tukunya ta musamman. Abin da ya dace da shi ya dace da 'ya'yansa, waɗanda su ne ke ɗauke da gadon da marubucin ke magana a kai.

Motsa jiki na da nasa aikin ko nauyi bai sauka ba, domin tsoka mai aiki takan zuƙi gulukos daga jini ba tare da bukatar insulin mai yawa ba. Minti 30 na tafiyar sauri sau biyar a mako shi ne abin da gwaje-gwajen suka yi amfani da shi. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana rage hawan da suga ke yi a lokacin. Ga matan da ba sa fita, zagayen tsakar gida da shara da daka suna cikin lissafi.

Ɗaci da maganin asibiti

Nan ne maƙalar ta fi haɗari. Harshe ne ke jin ɗaci da zaƙi. Jini bai san ɗanɗano ba, kuma babu wata hanya da ɗacin ganye zai goge gulukos. Wannan ba raina tsirrai ba ne. Ita kanta metformin asalinta daga binciken wani tsiro ne na Turai da aka daɗe ana magani da shi, har likitan Faransa Jean Sterne ya gwada ta a kan masu ciwon suga a 1957. Bambancin shi ne an san abin da ke cikin kowace ƙwaya, an san adadin da ke aiki da wanda ke cutarwa. Ruwan ganyen da aka jiƙa yau ba lallai ƙarfinsa ya zo ɗaya da na gobe ba. Ɗan'uwan garafuni na ƙasashen Asiya na cikin tsirran da aka fi gwadawa, kuma nazarin cibiyar Cochrane na 2012, da ya haɗa gwaji huɗu masu mutum 479, bai samu isasshiyar hujjar cewa yana daidaita suga ba. Shuwaka da zogale a miya ganye ne masu amfani, a ci su. Haɗa jiƙe-jiƙe da ƙwayoyi irin su glibenclamide ba da sanin likita ba kan iya faɗar da suga ƙasa har mutum ya suma, barin ƙwayoyin gaba ɗaya kuma ya bar suga yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye, domin hawansa ba ya ciwo sai ya yi ɓarna.

Marubucin bai kuma bambanta nau'o'in cutar ba. A nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, fankiriyas ta daina fitar da insulin, kuma babu abinci ko ganyen da zai maye gurbinsa. Kafin Frederick Banting da Charles Best su tace insulin a Toronto a 1921, abin da likitoci ke yi wa irin waɗannan yara shi ne horon yunwa, wanda bai wuce ya ƙara musu ɗan lokaci ba. Leonard Thompson, yaro ɗan shekara 14, shi aka fara yi wa allurar a Janairun 1922, ya kuma rayu shekaru bayan haka. Uwar da ta karanta cewa ɗaci ya wadatar ta dakatar da allurar ɗanta na iya rasa shi cikin kwanaki.

A nau'i na biyun ma bukatar magani ba gazawar mai cutar ba ce. Babban binciken Birtaniya da ya bi mutum 5,102 daga 1977 zuwa 1997 ya nuna ƙarfin fankiriyas na raguwa da shekaru. Bayan shekara tara, kusan kashi 9 cikin ɗari ne kacal na masu dogaro da abinci kaɗai suka iya riƙe sugansu a inda ake so. Abinci da rage nauyi suna rage yawan maganin da ake bukata, wani lokaci su ɗauke shi na wani zamani, amma awon jini ne da likita ke yanke wannan hukunci.

Akwai waɗanda shawarar rage nauyi ba ta hau kansu ba: mai juna biyu, tsoho marar jiki, wanda cutar ta riga ta ramar, da mai ciwon ƙoda, wanda ko wake da ganye sai an auna masa. Azumin Ramadan ma na da nasa tsarin. Binciken da aka wallafa a 2004 a kan mutum 12,243 daga ƙasashe 13 ya nuna kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu suna azumi, kuma faɗuwar suga mai tsanani ta ninka sau bakwai da rabi a watan. Don haka ake son mai cutar ya ga likita makonni kafin azumi a gyara masa lokacin shan magani, ya jinkirta sahur, ya guji tara kunu da ƙosai da lemo da shinkafa a buɗa baki ɗaya, ya kuma karya azumin idan awo ya nuna ƙasa da 70 ko sama da 300.

Hanyar gane ko wani abinci ya dace da jikin mutum ita ce na'urar awon yatsa: a auna kafin ci, a sake aunawa bayan awa biyu, ana son adadin ya tsaya ƙasa da 180. Da wannan kowa zai iya gwada tuwon alkama da na dawa a jikinsa ya ga abin da kowanne ya yi. Akwai kuma gwajin asibiti mai suna HbA1c da ke nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, inda 6.5 ke nuna cutar, ake kuma son yawancin masu ita su zauna ƙasa da 7. Wannan gwaji kan ba da amsar da ba daidai ba ga masu cutar sikila da masu ƙarancin jini da waɗanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, saboda haka irin waɗannan su sanar da likita domin a dogara da awon jinin safe da na bayan cin abinci.